Daga Dakko Zuwa Gusau

Litinin
Na baro Dakko da sassafe, na hau mota a Talata Mafara. Direba sai sauri yake, don ba mai son yamma ta riske shi tsakanin Maru da Bungudu. Kafin azahar na sauka gidan Kawu a Tudun Wada.

Talata
Yau kasuwar Mafara ke ci, ni kuwa ina tashar jirgin ƙasa. Ciyawa ta cinye dogo, awaki na kiwo a tsakanin ƙarafa. Layin nan da ya taso daga Zariya ya isa Ƙaura Namoda a 1929, shi ya mai da Gusau garin ciniki. A da, a nan ake auna auduga da gyaɗar ƙauyukanmu, a loda a taragu zuwa Ikko. Kamfanonin Turawa suka kafa kantuna, baƙi daga kudu suka cika Sabon Gari, daga baya masaƙa ta zo. Kawu ya ce, "Ɗana, a zamaninmu yaro na gama firamare sai masaƙa, da albashinsa zai yi aure." Yau ƙofarta a garƙame take.

Laraba
Na bi ta ƙofar fada. Malam Sambo Ɗan Ashafa, mutumin Shehu Usmanu, shi ya kafa garin bayan yaƙin 'Yandoto. Sarautar har gobe Sarkin Katsinan Gusau ce.

Alhamis
Tun da aka yanke Zamfara daga Sakkwato ran 1 ga Oktoba 1996, gwamnati ce babbar ma'aikatar garin nan. In an biya albashi kasuwa ta cika, in an yi jinkiri mai kanti ya kwana da kayansa. Birnin Seoul na Koriya ta Kudu, wanda yaƙin 1950 zuwa 1953 ya ragargaza, da masaƙu ya fara miƙewa a shekarun 1960, daga nan ƙasar ta kama ƙera motoci da wayoyi. Mu da ke da audugar a gona, tamu masaƙar ce ta mutu. Abin nan yana ci mini rai.

Juma'a
Bayan masallaci na leƙa wajen 'yan shinkafa. Shansherar Bakolori ce, ruwan da aka tare a 1978 ya raine ta, ana ɗora ta a tirela zuwa injinan Kano. Za ta dawo mana a buhu mai tambari, da tsada. Na tambayi wani dillali me ya hana a casa ta duka a nan. Ya ce, "Malam, kawo mini wutar lantarki tukuna."