Kuɗin Kafin Alƙalami

Akwai shafin jarida da yawancin masu karatu kan tsallake, ni kuwa shi na fi karantawa a natse, wato shafin tallar kwangilar gwamnati. A nan ne hukuma ke faɗin abin da za ta saya da dukiyar jama'a.

Dattawanmu ba su manta da badaƙalar siminti ta 1975 ba, sa'ad da aka yi odar kimanin tan miliyan 20, mafi yawa da sunan Ma'aikatar Tsaro. Jiragen ruwa fiye da 400 suka yi cirko-cirko a bakin tashar Apapa ta Ikko, ana biyan su kuɗin jira kowace rana, wani simintin ma ya daskare a cikin jirgi. Tun daga lokacin ake ta neman maganin wannan cuta. A 2007 marigayi Shugaba 'Yar'adua ya sa hannu a dokar sayayyar gwamnati, wadda ta wajabta talla da gasa tsakanin 'yan kwangila, ta kuma ƙayyade kuɗin kafin alƙalami kada ya wuce kashi 15 bisa 100. A 2015 aka tilasta wa ma'aikatu zuba kuɗinsu a asusun bai-ɗaya, a 2019 kuma aka buɗe shafin intanet mai nuna abin da suka biya.

Ba na raina wannan ci gaba, domin abin da a dā sai ka yi mako kana fadanci wajen akawu kafin ka gani, yau daga kan kujerarka za ka same shi. Amma fa kwamfuta abin da aka gaya mata shi take faɗi. Na taɓa bin sawun wani ɗakin shan magani na karkara wanda takardu suka nuna an biya kuɗinsa kaf. Da na isa, sai na tarar da bulo sahu huɗu, ba rufi, awaki na kwance a ciki. Mai unguwa ya ce tun ranar aza harsashi ba su ƙara ganin kowa ba, mata masu naƙuda kuwa har yanzu a kan babur ake kai su gari.

To, wa ya shaida an gama? Ba a sakin ragowar kuɗi sai injiniyan ma'aikata ya sa hannu cewa ya je, ya gani, ya auna. A ganina nan ne gizo ke saƙar, kuma nan ne ba a cika dubawa ba. Wani injiniya ya gaya mini, cikin jin nauyi, cewa ofishinsu ba shi da motar zagaye ko ɗaya mai lafiya. In za shi duba aiki, ɗan kwangilar ne ke aiko da direba ya ɗauke shi, ya ciyar da shi a hanya, ya kuma mai da shi gida.