Kalangu a Cikin Kwamfuta

A Kasuwar Sabon Gari ta Kano, wadda a ke kira Kasuwar Abubakar Rimi, akwai masu sayar da kayan lantarki, su rediyo da lasifika da abin nan da a ke ce wa fiyano. Akwati ne mai maɓallai farare da baƙaƙe, galibi ƙirar kamfanin Yamaha na Japan. Tun cikin shekarun 1990 ya zama makaɗin finafinan Hausa, da shi kuwa aka yi kiɗan Sangaya a 1999, shekarar da Allah ya yi wa Alhaji Mamman Shata rasuwa. Yanzu an ɗauke fiyanon ɗungum an sa shi cikin kwamfuta. Saurayi ya kan zauna a ɗan ɗaki a Fagge, da manhaja irin FL Studio, ya ƙera amon da ya ke so, ba fata, ba ƙwarya.

Amo dai girgizar iska ce. Kunnen ɗan Adam ya kan ji girgiza daga misalin 20 zuwa 20,000 a daƙiƙa ɗaya. In ta yi yawa murya ta yi sama, in ta ragu murya ta yi ƙasa. To, mai ƙera amo ya kan fara da ɗanyen amo, mai kaushi kamar kukan ƙudan zuma, sa'an nan ya tankaɗe shi. Na'urar tana da rariya tata, wadda ke tare ƙarar sama ta bar mai taushi ta wuce, kamar yadda mace ke fid da tsaki daga gari. Wani mutumin Amurka, Robert Moog, ya yi suna da irin wannan na'ura tun 1964, amma tasa akwatuna ce da wayoyi birjik.

Bayan tankaɗe sai a gyara shigowar amon da mutuwarsa. Ganga ta kan faɗo gaba ɗaya, ta mutu nan da nan. Goge kuwa a hankali ya ke shigowa, ya zauna muddin ana jan izga. Ɗanyen amo guda, in an sāke masa shiga da fita, sai ya tashi daga kama da wannan ya koma kama da wancan.

Inda aikin ya ke cije wa gwanaye shi ne kalangu. Asalinsa kiɗan mahauta ne, shi kuma ya yi wa Shata rakiya dukan zamaninsa. Makaɗi ya kan rataya shi a hammata, in ya matse tsarkiya fata ta ɗaure murya ta hau, in ya saki ta sauka. Da haka ya ke magana, gama Hausa kanta hawa da sauka gare ta. Kukan yaro dabam da kukar miya, wuyan riga dabam da wuyar aiki, muryar ce kawai ke rarrabe su. Fiyano kuwa matakai 12 tsayayyu Turawa suka yanka masa, alhali kalangu tsakanin matakan ya ke silalewa. Dole mai ƙira ya lanƙwasa kowane bugu da hannunsa, ko da ɗan gargaren da ke gefen maɓallai, ko ya zana layin hawa da sauka a fuskar kwamfuta. Wanda bai san abin da kalangu ke faɗi ba, zai fid da amo mai kama da shi sarai, samari su taka rawa, amma tsohon mahauci ya kasa kunne bai ji an kira kowa ba.

Saboda haka waɗansu su kan bi gajeriyar hanya. A kirawo makaɗi na ainihi, ya buga, a ɗauki kowane bugu ɗai ɗai a ajiye. Ranar nan a sallame shi da kuɗin yini guda. Bugun nasa kuwa ya shiga waƙa bayan waƙa, abokin aiki ya kwafa ya ba wani, a ji shi gidan biki a Katsina ko Maraɗi, inda dā sai an aika masa da goro da kuɗin mota kafin ya zo.