Nairobi, Inda Leda Ke Kai Mutum Kotu

Mu masu digiri na biyu a fannin dokar kare muhalli ba ma zama ƙasa ɗaya, kowane zangon karatu da inda ake tura mu. A Nairobi, babban birnin Kenya, rabin darasin a kasuwa yake. Tun 2017 aka haramta jakar leda, mai sayar da ita zai iya shan ɗaurin shekara huɗu. Ruwanda ta riga su tun 2008, kuma a ganinmu Kigali ta fi tsabta. Har ledar matafiyi ake karɓewa. Sai dai 'yan fasa-ƙwauri na shigo da ita Kenya ta iyakar Uganda, don haka dole muka karanta dokokin maƙwabta. Tanzaniya sai 2019 ta bi sahu.