Binne, Ko Maganin "Sai Gobe" A Ƙasar Gobir

Bahaushe ba ya rasa karin maganar da zai fake da ita idan ya so jinkirta aiki. Yana da "sannu ba ta hana zuwa", yana da "gaggawa aikin Shaiɗan", kuma kowace gaskiya ce a muhallinta. Sai dai mai sanyin jiki yakan ɗauko su ya naɗa kamar rawani, har shi kansa ya kasa rarrabe haƙuri da inda-inda. Manoman gero na Isa da Sabon Birni ba su da wannan sarari, domin damina a wannan yanki na Jihar Sakkwato gajera ce: takan kankama a Yuni, ta yi sallama wajen ƙarshen Satumba. Wanda ya makara da mako biyu, rumbunsa ne zai gaya masa.

Wannan ya sa wasunsu ke yin binne, wato a sari busasshiyar ƙasa, a zuba iri, a rufe, tun sama ba ta zubo ko ɗigo ba. Haɗarin abin a fili yake. In yayyafi ya sauka iri ya tsiro, sa'an nan rana ta buɗe, tsiron ya ƙone ke nan. Ga kuma ɓera da zabi masu tono. Amma in ruwan fari ya zo da ƙarfi, lokacin da maƙwabta ke neman sungumi, gonar mai binne ta fara kore. Abin lura a nan shi ne, mai binne ba ɗan caca ba ne. Yakan auna irin da zai iya jure hasararsa ya binne, ya ajiye saura don sake shuka.

Akwai wani ɗalibin Hausa, ɗan ƙasar Isa, wanda ya zaɓi kirarin sarakunan Gobir ya zama batun kundinsa na digiri. Batu ne mai armashi, kuma a ƙofar gidansu yake, don kuwa kufan Alƙalawa, birnin Bawa Jan Gwarzo, wanda ya faɗa hannun masu jihadi a 1808, yana nan a ƙasar Sabon Birni, ga kuma tsofaffin maroƙa da suka gaji kirarin baki da baki. To, amma watanni suka shuɗe bai ɗauki muryar ko mutum ɗaya ba. Yau ya ce bai gama karanta abin da magabata suka rubuta ba, gobe ya ce tambayoyinsa ba su nuna ba, jibi ya ce hanya babu kyau.

Wannan uzuri na ƙarshe ba ƙarya ba ne, kuma nan ne wuyar take. Tun wajen 2019 hare-haren 'yan bindiga suka tayar da ƙauyuka da yawa a Isa da Sabon Birni, dubban mutane suka tsallaka iyaka zuwa Gidan Runji da sauran garuruwan Maraɗi. Uzurin gaskiya ya fi na ƙarya daɗin ɓuya a ciki, domin ba wanda zai ce da mai shi kanzil.

Da ya je gida hutu, mahaifinsa ya tambaye shi ina aka kwana game da aikin. Ya ce, "Baba, ina jira ne abubuwa su lafa." Tsohon ya yi shiru, can ya ce, "Ɗana, tun ba a haife ka ba nake noma, hadari bai taɓa ba ni takardar alkawari ba. Kai kana jiran hanya, su tsofaffin nan wa ya ce za su jira ka?"

Ko tarihin da yake nema ya tattara ma haka ya nuna. Bayan Alƙalawa, bayan kuma kashin da Gobirawa suka sha a Gawakuke a 1836, sun koma Tsibiri suka sake kafa sarauta. Daga baya Ɗan Halima ya raba gari da 'yan'uwansa na can, ya dawo tsohuwar ƙasar kakanninsa ya kafa Sabon Birni, Sakkwato na gefe guda, Tsibiri na gefe guda. Ana iya yin gardama a kan hikimar abin da ya yi, amma da ya tsaya sai ƙura ta kwanta, da babu garin.

A daren nan ɗalibin ya rubuta sunayen maroƙa uku, ya sa wa kowane rana. Ya auna abin da zai iya binnewa: kuɗin mota, da kwana uku, da kunyar zuwa da tambayoyin da ba su nuna ba. Ya kuma ware abin da ba zai taɓa ba, wato ransa: ba tafiyar dare, ba shiga ƙauyukan daji, sai ranar kasuwa da motoci ke bin juna.

Na farkon ya rasu tun da rani, 'ya'yansa kuwa ba wanda ya riƙe ko rabin abin da ya sani. Na biyu yana gudun hijira a ƙetaren iyaka, sai ta waya aka same shi, muryar na zuwa tana yankewa. Na uku yana cikin Sabon Birni, idanunsa sun tafi, amma da aka ambaci Bawa sai ya gyara zama, ya yi ta kwararo kirari tun hantsi har aka kira azahar. Tambayoyin da ɗalibin ya daɗe yana gogewa, biyu kawai ya samu damar yi.

Abin da ya komo da shi jami'a bai kai wanda ya yi mafarki ba, kuma malamin da ke duba aikinsa ya nuna masa giɓi fiye da ɗaya. A ranar ya zauna ya fara juya muryar tsohon zuwa rubutu, ya bar shafi uku fari saboda na farkon.