In Ba Mu Biya Mawaƙi Ba, Wa Zai Biya Shi?

Akwai wata doka a ƙasar nan tamu ta Kamaru wadda, da za a yi aiki da ita yadda aka rubuta ta, to da gidan yarin Marwa da na Garwa sun yi kaɗan. Ita ce doka mai lamba 2000/011 ta ran 19 ga watan Disamba 2000, wadda ta tsare haƙƙin marubuta da mawaƙa da makaɗa. Dokar ta ce wanda ya kwafi aikin wani ya yaɗa ba da izininsa ba, ana iya ɗaure shi shekara 5 zuwa 10, ko a ci shi tarar sefa dubu 500 har zuwa miliyan 10, ko kuwa a haɗa masa duka biyun. Amma duk wanda ya bi babban titin Domayo da la'asar zai ga samari a rumfuna, kowa da kwamfutarsa da lasifika tana ta ɓaɓatu, mutum ya miƙa wayarsa da 'yan canjinsa, kafin ya gama gaisawa an cika masa ita da waƙoƙi da finafinai. Ba a ɓoye ake yi ba, kuma babu wanda ke kiran abin da sunan sata. Turawa ake cewa, shi ke nan.

Mu malaman makaranta mun san samarin nan ɗaya bayan ɗaya, domin da yawansu ta ajinmu suka bi. Wasu sun kammala sakandare da takarda mai kyau, aiki ya gagara, rumfar nan ita ce ke ciyar da su da iyayensu. Saboda haka in ana maganar ɗauri da tara, mu fuskokin yaranmu muke gani.

Abin ya daɗe. Iyayenmu sun saurari faifan garmaho, wanda ba mai iya kwafarsa a gida. Mu kuwa da kaset muka tashi, da rikoda mai baki biyu, wadda ake sa kaset mai waƙa a ɗaki ɗaya, a sa fari a ɗayan, a danna. Kaya kan taso daga Kano su bi ta Maiduguri da Banki da Amcide da Mora su iso Marwa, na Garwa kuwa su bi ta Yola. Kafin kaset ɗin Mamman Shata ya iso hannunmu an kwafe shi sau uku ko huɗu, har muryar kalangu ta dushe, amma haka muka haddace shi. Bayan kaset sai sidi, bayan sidi sai memori. A 2014, sa'ad da Boko Haram suka kama Banki hanyar nan ta mutu, atamfa da man fetur da kayan masarufi suka yi wuya, waƙa kaɗai ce ba ta yanke ba, don ta riga ta daina hawa mota.

To, abin tambaya shi ne, me ya sa mutanen da ba za su ɗauki tumatir ɗaya a kasuwa ba tare da biya ba suke karɓar waƙa ɗari ba su ji komai a ransu ba? A namu ganin, amsar tana cikin tarihin kiɗan Hausa kansa. Tun fil azal mai sauraro ba shi ke biyan mawaƙi ba, wanda aka wasa shi ke biya. Sarki ya ba makaɗinsa doki da riga da gona, attajiri ya ba da mota ko kujerar Makka, uwar biki da ƙawayenta su yi liƙi. Sauran jama'a kuwa kunne kawai suke kawowa, kuma yawan kunnuwan shi ne ribar wanda ya biya, domin ai don a ji sunansa ya yi kyautar. Marigayi Musa Ɗanƙwairo, wanda ya rasu a 1991, da Shata, wanda ya rasu a 1999, Allah ya ji ƙansu, a kan wannan tsari suka rayu. Wanda ya kwafi kaset ɗinsu ya kawo Marwa, ya kai sunan iyayen gidansu inda ƙafarsu ba ta taɓa takawa ba, kuma ya sa gobe wani mai kuɗin ya ji kwaɗayin a ambace shi. Don haka masu cewa kwafa talla ce ga mawaƙi suna da gaskiyarsu, sai dai gaskiyar ta tsaya a kan mawaƙin da ke da wanda yake wasawa.

Akwai wani irin mawaƙin kuwa. Marigayi Ɗan Maraya Jos, wanda ya rasu a 2015, da ɗan kuntiginsa ya yi wa karen mota waƙa, ita ce ma ta fito da shi duniya ta san shi. Shin karen mota doki gare shi da zai bayar, ko kujerar Makka? Waƙa irin wannan, wadda ke magana a kan talaka da zaman aure da halin duniya, ba ta da uban gida sai mu masu ji. In faifai ya sayu, ko rediyo ta biya, ko jama'a sun yanki tikiti sun shiga wasa, mai ita ya ci abinci. In kuwa duk waɗannan ƙofofi suka rufe, cikinsa zai nuna masa hanyar ƙofar da ta saura.

Mun kuma ga hakan da idonmu. Wajen shekara ta 2000 finafinan Kano suka mamaye gidajenmu, daga Hausare ta Garwa har ƙauyukan da ba a jin Hausa sosai, kuma waƙoƙin cikin fim suka haifar da sabuwar sana'a: yaro ya shiga situdiyo ya rera waƙar soyayya ko ta nasiha, mai fim ya saya, ɗan kasuwa ya buga kaset ko sidi ya sayar. Da turawa ta zo, kasuwar sidi ta durƙushe, masu fim suka koma yin mai dogon zango a YouTube da tashoshi irin su Arewa24. Mawaƙa kuwa da dama suka koma waƙar amarya da ango, wadda ake biya kafin a rera, da kuma waƙar 'yan siyasa. Ba mu ga laifinsu ba, kowa ya san inda rabonsa yake. Amma mai karatu ya duba wayarsa a lokacin zaɓe ya ƙirga nawa ne cikin sababbin waƙoƙin ke yabon wani ko zagin wani, nawa ne kuma ke faɗa wa mai mulki abin da ba ya son ji. Mai biyan kuɗin kiɗa shi ke zaɓen taken da za a kaɗa masa. Wannan ce hasarar da ta fi damunmu, domin yaran da muke koyarwa sun fi jin mawaƙi a kan malami, kuma abin da ke shiga kunnensu safe da yamma wani ne ya saye shi tun kafin a rera.

Wani abin mamaki ma ya faru a 2020, sa'ad da Dauda Kahutu Rarara ya ce ba zai saki sabuwar waƙar Shugaba Buhari ba sai masoya sun turo masa naira dubu-dubu, kuma mutane suka yi ta turawa. Ashe dai talaka yana iya biyan waƙa in an nuna masa inda zai sa kuɗin. Abin takaici kawai shi ne a kan waƙar siyasa aka gwada.

A aji mukan sha muhawara da ɗalibai kan wannan batu, kuma hujjarsu ɗaya ce kullum. Sai yaro ya ce, "Malam, ai ban ɗauke masa komai ba. In na saci akuya mai ita ya rasa akuya, amma waƙarsa tana nan a wurinsa." Hujja ce mai ƙarfi, ba a ture ta da tsawa. Abin da mukan ce masa shi ne, tela ma in ka sa ɗinkinsa ka ƙi biya, zarensa da kekensa suna nan, wuninsa ne ka tafi da shi. Mai waƙa ya biya situdiyo, ya biya mai kiɗa da 'yan amshi, ya yi kwanaki yana tsara baiti. Ga masu neman fatawa kuma, Majalisar Fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi ta zauna a Kuwait cikin watan Disamba 1988 ta yanke cewa haƙƙin wallafa da na ƙirƙira dukiya ce da shari'a ta kare, ba ya halatta a ta'adda a kanta. Wannan ya shafi littafi da kaset ɗin karatu kamar yadda ya shafi sauran ayyukan fasaha.

Sai dai kuma in muka juya ga ita dokar, a nan ne bakinmu kan yi nauyi a gaban yaran. Kamaru ta san zafin satar fasaha fiye da ƙasashe da yawa. Manu Dibango ya fitar da Soul Makossa a 1972, Michael Jackson ya ɗebi wani yanki nata ya sa a faifansa Thriller na 1982, sai da aka yi ƙara kafin a sasanta a biya shi. André-Marie Tala ya yi shari'a da James Brown a kan Hot Koki ya ci nasara. Waƙar Zangalewa, wadda ƙungiyar Golden Sounds ta sojojin fadar shugaban ƙasa ta fitar a 1986, ita ce ta koma Waka Waka a bakin Shakira lokacin gasar cin kofin duniya ta 2010, nan ma sai da aka yi surutu kafin a daidaita da masu ita. Duk waɗannan sun nuna doka tana aiki in wanda ya ɗauka mai kuɗi ne, yana da ofis da lauya da suna da yake tsoron ya ɓaci.

A cikin gida fa? Tsarin shi ne ƙungiya guda ta karɓi kuɗi daga gidajen rediyo da otal-otal da mashaya da masu sayar da waƙa, ta raba wa mawaƙa. An kafa CMC a 2003 da Manu Dibango a kan gaba. A 2008 ministar al'adu Ama Tutu Muna ta janye mata izini aka kafa SOCAM, aka yi ta shari'a shekara da shekaru a kan wace ce halattacciya. A 2017 aka sake kafa SONACAM da Sam Fan Thomas a shugabanci. Sunaye uku cikin shekara 14, kuma duk rigimar a Yawunde da Duwala ake yin ta. Mai kiɗan garaya ko algaita da ke zaune a Mora ko Gidar, wanda bai iya Faransanci ba balle cika takardar rajista, yana jin labarin rabon kuɗi ne a rediyo kamar yadda yake jin labarin ƙwallon Turai. Marigayi Ali Baba na Garwa da Isnebo na ƙungiyar Faadah Kawtal sun kai kiɗan arewa kudu har aka san da shi, amma su nawa ne irinsu?

Ga kuma maganar iyaka, wadda ba mu taɓa jin an tattauna ta ba. Mafi yawan waƙoƙin Hausa da ake turawa a Domayo na mawaƙan Kano da Kaduna ne. Kamaru da Nijeriya duk sun shiga yarjejeniyar Berne ta 1886, wadda ta ce kowace ƙasa ta kare aikin baƙo kamar na ɗan gida. A takarda, waƙar Shata tana da kariya a nan har shekara 50 bayan rasuwarsa, watau zuwa 2049, a Nijeriya kuwa shekara 70, zuwa 2069. Amma hukumar OAPI da ke da mazauni a Yawunde, wadda ta haɗa ƙasashe 17 a kan irin waɗannan haƙƙoƙi, Nijeriya ba ta cikinta. Ko da yau an tilasta wa kowace rumfa ta biya, wa zai rubuta waƙar wa aka tura sau nawa, ta wace hanya kuma sefa za ta zama naira ta shiga aljihun mai ita?

Wasu na cewa YouTube ta warware matsalar, tunda kyauta ake kallo kuma mai waƙa na samun kuɗin talla. To, kuɗin yana zuwa ne gwargwadon yawan kallo a kan intanet. A nan kuwa data tana da tsada, don haka mutum ɗaya ke saukewa, ya raba wa ɗari ta Xender ko WhatsApp, na'urar kamfani ta ƙirga mutum ɗaya. Mawaƙi yana iya cika garin Marwa da muryarsa alhali a lissafin kamfani kusan babu mai jin sa a Kamaru.

Mu dai ba mu goyi bayan a kama yaran rumfa ba. An sha kwashe kaset da sidi ana ƙonawa a biranen Afirka, washegari kasuwa ta ci kamar ba a yi ba, balle yanzu da kayan ba su da jiki. Abin da muke gani shi ne rumfunan nan su ne kantunan waƙa na wannan zamani, kuma kanti sarin kaya yake yi kafin ya sayar. Masu turawa na unguwa ɗaya suna iya haɗa kai su yi ƙungiya, su riƙa sayen sabuwar waƙa daga hannun mai ita a kan farashin da aka yi yarjejeniya, shi kuma ya ba su ita da kyakkyawan sauti tun kafin ta bazu. Da mawaƙan gida, na Hausa da na Fillanci, abin ba shi da wuya, domin ga Orange Money ga MTN a kowace kwana, kuma mai waƙar ana ganinsa a gidan biki. Mawaƙin da ya iya jera sunayen alhazai goma a ƙarshen waƙa, ai ba zai gagara faɗin lambar da za a tura masa sefa 100 ba. Na Kano ne ke buƙatar wakili, kuma fatakenmu da ke bin hanyar Mubi da Yola sun daɗe suna kai saƙon kuɗi tsakanin ƙasashen biyu bisa amana.

Mun yi magana da wasu daga cikin tsofaffin ɗalibanmu masu rumfa. Ba su ƙi ba, sai dai sun ce, "Malam, in mun ƙara kuɗi maƙwabcinmu bai ƙara ba, ciniki ya koma wurinsa." Saboda haka sai an tara su duka wuri ɗaya, da sarkin Hausawa da masu unguwa a zaune, da mawaƙa biyu ko uku na gari. Mun nemi a sa maganar cikin ajandar taron jama'a na bayan salla, kuma duk mai rumfa ko mawaƙin da ke son a ji ta bakinsa yana iya aiko da wasiƙa ga wannan shafi kafin lokacin.