Kujera Shida, Jarumai Sun Fi Ɗari



Masu buga wasannin kwamfuta a cikinmu sun san cewa tun watan Agustan 2021 aka saka Hausawa a cikin Age of Empires III, kuma Sarauniya Amina ce jagorarsu. Da Civilization VII ya fito a Fabrairun 2025, sai ga ta kuma a jerin shugabannin da mai wasa zai zaɓa, tare da su Augustus na Rum da Confucius na ƙasar Sin. Abin ya yi mana daɗi, babu ɓoye-ɓoye. Sai dai kamfanoni biyu ne daban, kuma duk sunan mutum ɗaya suka ɗauko, kamar ƙasar Hausa ba ta taɓa haifar kowa ba sai ita. Wannan ne ya sa mu 'yan ƙungiyar marubuta na yankin Karaye da Rogo muka ce bari mu ma mu gwada namu.

Ba mu da kuɗin haɗa wasan kwamfuta, ba mu kuma da injinan. Abin da muke da shi takarda ce da biro da baki. Don haka muka bi tsarin wasan nan da Amurkawa suka fito da shi a 1974, Dungeons & Dragons, wanda ake yi a zaune: mutum ɗaya ya riƙe labari, sauran kowa ya ɗauki jarumi guda ya riƙa magana da yawunsa, yana yanke shawarar abin da zai yi idan an shiga tsaka mai wuya. A taƙaice tatsuniya ce da ake yi da baki da yawa. Su da ƙwaya irin ta ludo suke raba gardama, mu kuwa mun san iyaye da yawa da zarar sun ga ƙwaya an ce caca, sai muka musanya ta da ƙuri'ar takardu a cikin hula. Labarin kuma a gida muka dasa shi: a ƙarƙashin ruwan madatsar Challawa, wadda aka kammala a 1992, akwai wata tsohuwar rijiya da ruwa ya shanye, duk wanda ya faɗa cikinta sai ya ɓulla a wani zamani. Jarumai shida ne za su bi ta wannan rijiya, daga zamanin Dala har zuwa shigowar Turawa Kano a 1903.

Duk wannan cikin sati biyu muka gama shi. Zaɓen mutum shidan ne ya ci mana wata uku, kuma har yanzu da saura.

Amina ba ta sha gardama ba. Runduna tana bukatar mai takobi, ga ta kuma da ganuwa a duk inda ta yada zango. Abin da kawai muka tsaya a kai shi ne shekarunta, domin littafin Tarihin Kano, wanda Palmer ya fassara zuwa Turanci a 1908, ya ajiye ta a zamanin Sarkin Kano Dauda, wajen 1421 zuwa 1438, wasu masana kuma sun kai ta ƙarni na 16. A wasan da ake tsallaka zamani wannan ba matsala ba ce, riba ce ma: mun rubuta a katinta cewa ita kanta idan aka tambaye ta shekarar da ta fito sai ta yi murmushi.

Bayajidda ne kowa ya zaci zai wuce salin-alin, amma bai samu kujera ba. Ba don an raina wuƙar da maƙeran Gaya suka ƙera masa ba, ko macijin rijiyar Kusugu da ya hana mutanen Daura ɗiban ruwa sai ranar Juma'a. Wata 'yar uwarmu malamar firamare ce ta tambaya: idan kun saka shi, da jakarsa zai shigo, a cikin jakar kuwa akwai Banza Bakwai, to yaya za ku yi da ɗalibina Banufe ko Bagwari ko Bakabe idan ya zauna zai buga? Aka yi shiru. Wani ya ce ai labari ne ba mu muka ƙirƙira ba. Ta ce haka ne, amma katin mu za mu rubuta. Ƙarshe dai muka mayar da Bayajidda baƙon da runduna za ta tarar a Daura, a taimaka masa da daddare a bakin rijiya, a wuce. A namu ganin ma hakan ya fi dacewa da shi, tunda a labarin nasa ma baƙo ne da ya shigo gari da dare.

Shehu Usmanu ɗan Fodiyo kuwa, maganarsa ba ta kai minti biyar ba. Babu wanda ya yarda a mayar da shi katin da yaro zai riƙe ya ce "na kai hari", ko a ja ƙuri'a a ce ya faɗi. Abin da ya ɗan ja lokaci shi ne 'yarsa Nana Asma'u, wadda ta rayu daga 1793 zuwa 1864. 'Yan uwa mata sun so ta ƙwarai, kuma hujjarsu mai ƙarfi ce: mace mai rubutu da Larabci da Fulatanci da Hausa, wadda ta kafa tsarin 'yan taru, tana naɗa jajoji da malafa suna kai karatu ƙauyuka. Me runduna za ta nema a wajen masani wanda ya wuce wannan? Amma girman da ya hana a taɓa uban shi ne ya hana a taɓa 'yar. Mafitar da muka samu ita ce, malamai irin su, har da Ɗan Marina da Ɗan Masani na Katsina, ba wanda zai buga da su. Kujerar masani muka ba wa wata jaji marar suna, ɗaya daga cikin matan nan da suka yi ta tafiya a ƙasa da waƙoƙin Nana a ka. Mai wasa shi zai raɗa mata suna. Wannan kati yana cikin waɗanda muka fi alfahari da su.

Inda aka kai ruwa rana shi ne kan Barbushe. Ta fuskar wasa ba shi da na biyu. Tarihin Kano ya siffanta shi da ƙaton mutum mai kashe giwa da sanda ya ɗauko ta a ka, mai shiga wurin Tsumburbura shi kaɗai ya fito ya gaya wa jama'a abin da zai faru, har da zuwan Bagauda. Ƙarfi da duba a jikin mutum ɗaya. Amma matsafi ne, kuma wannan ba ƙaramar magana ba ce a gidajenmu. Wani ɗan uwa daga Rogo ya ce shi ba zai zauna a tabarmar da ake kiran Tsumburbura ana neman sa'a ba, ko da wasa. Ba mu ga laifinsa ba. Wani kuma ya ce idan muka share Barbushe, mun share mutanen da suka fara zama a gindin Dala, kuma a wannan yanki namu har gobe akwai Maguzawa da muke cin kasuwa ɗaya da su. Shi ma ba mu ga laifinsa ba. Sati uku ana wannan. Abin da muka tsaya a kai: Barbushe ya shiga, da ƙarfinsa da sanin dajinsa, amma babu wani kati da ke ba mai wasa damar kiran abin bautarsa. Muka kuma ɗora masa wani nauyi wanda ya sa labarin ya yi armashi: duk zamanin da aka ɓulla, yana ganin Dala ta ƙara cika da mutanen da ba su san shi ba. Ɗan uwan nan na Rogo bai ce ya gamsu ba, amma bai daina zuwa ba, kuma shi ne yanzu yake riƙe katin Gizo.

Gizo dai ba a yi masa ƙuri'a ba, shi ya saka kansa. Kowace runduna tana bukatar mai wayon da zai buɗe ƙofar da takobi ya kasa, kuma babu yaron Bahaushen da sai an yi masa bayanin waye Gizo. Sharaɗi ɗaya muka gindaya: duk mai riƙe da shi dole ya yi magana da tsamin baki, kuma duk abincin da runduna ta samu sai an ƙirga shi sau biyu.

Na biyar shi ne Dorugu, wanda da yawanmu ba mu taɓa jin sunansa a makaranta ba. Yaro ne Bahaushe daga ƙasar Damagaram da aka kama bawa, Bajamushen nan Overweg ya 'yanta shi, ya bi Heinrich Barth har Timbuktu, daga nan ya bi shi Ingila a 1855. A can ya ba Schön labarin rayuwarsa da Hausa aka rubuta, ya dawo gida, ya rasu a Kano a 1912. Mutumin da ya ga kasuwar bayi da idonsa ya kuma ga Landan, ai shi tun yana raye ya tsallaka zamani. Tafintan runduna kenan.

Saura kujera ɗaya, kuma a nan ne maganar ta daina zama wasa.

Sunayen da suka rage duk na mazan fama ne. Kanta na Kabi mai birnin Surame. Kanajeji, wanda aka ce shi ya shigo da lifidi da kwalkwali da sulke Kano. Bawa Jan Gwarzo na Gobir. Alwali, sarkin Haɓe na ƙarshe a Kano, wanda aka kashe a Burumburum a 1807. Har Gandoki na littafin Bello Kagara an ambata. Muna cikin auna waye ya fi wani ƙarfi sai wani dattijo da yake zama da mu lokaci-lokaci, tsohon malamin makaranta, ya ce: "Yarana, duk waɗannan da kuke lissafawa, in sun fita yaƙi ina suke zuwa?" Ya ce irin garuruwanmu suke zuwa. Mu nan yammacin Kano bakin iyaka ne, tsakanin Kano da Katsina da Zazzau, kuma mutanen bakin iyaka su ne ake kwasa. Ganuwar da muke yabo, wasu ne suka ɗauki ƙasarta a ka. Ko Amina da muka ɗauka ba gardama, littafin da ya adana mana sunanta shi ne ya ce Sarkin Nupe ya aiko mata da bābānni 40 da goro 10,000. Goron muna faɗa da alfahari, mutum arba'in ɗin kuwa ba mu taɓa tambayar 'ya'yan waye ba.

Shi ya kawo sunan Baba ta Karo. Karo ƙauye ne a yankin Zarewa, nan cikin ƙaramar hukumar Rogo, tafiyar da ba ta kai a yi guzuri ba. An haife ta wajen 1877, ta rasu a 1951. A ƙarshen 1949 zuwa farkon 1950, a garin Giwa ta ƙasar Zazzau, ta zauna da wata Baturiya, Mary Smith, ta ba ta labarin rayuwarta da Hausa, aka buga shi da Turanci a 1954. Ana karanta littafin a jami'o'in duniya, mu kuwa da muke maƙwabtan garinsu, mutum biyu ne kawai a cikinmu suka taɓa riƙe shi.

Baba ba ta taɓa riƙe mashi ba. Abin da ta sani shi ne yadda ake gudu a shige gari mai ganuwa idan an ce ga mahara, yadda mutanen Mai Sudan na Kwantagora suke kwashe mata da yara, da yadda dangi ke haɗa wuri a je a fanso wanda aka kama. Ta yi aure huɗu, ba ta haihu ba, ta riƙi 'ya'yan wasu. Ta san ƙawance da zumunci da biki da suna ciki da waje. Ba kuma waliyiya muka mayar da ita ba: gidansu ma suna da rinjin bayi, ta faɗa da bakinta, kuma abin da ta ce game da zuwan Turawa, cewa talakawa sun samu sauƙin hare-hare, ba kowa zai ji daɗinsa ba. Mun bar duk wannan a katinta yadda yake.

Matasan cikinmu masu son faɗa sun yi ƙorafi, suka ce tsohuwa me za ta yi idan Dodo ya tare hanya? Sai muka gwada. A zaman farko runduna ta ɓulla a wani gari ana rufe ƙofa, magariba ta yi, masu gadi sun ga baƙi da makamai sun ɗana baka. Mai riƙe da Amina ya ce a fasa ƙofar. Mai riƙe da Barbushe ya ce shi zai ɗauke ta gaba ɗaya. Yarinyar da ke riƙe da Baba, 'yar aji biyar a sakandare, ta ce a dakata, ta matsa ta tambayi mai gadi sunan unguwarsu da sunan kakarsa, ta lalubo wata ƙawa da suka haɗa, aka buɗe musu, har da tuwo. Mai riƙe da labari ya duba takardunsa, faɗan da ya shirya na rabin awa ya tashi a banza. Gizo ya cinye tuwon.

Ƙarfin da muka rubuta mata shi ne wannan: a kowane gari da kowane zamani tana da wanda ta sani, kuma idan aka kama ɗan runduna ita kaɗai ke iya cinikin fansa. Makin faɗanta ɗaya ne cikin goma. Akwai masu cewa a ƙara mata zuwa biyu saboda muciya, ba mu yanke ba tukuna.

Yanzu dai ga yadda tabarmar take: Amina, Barbushe, jaji, Gizo, Dorugu da Baba. Magoya bayan Kanta ba su haƙura ba, suna neman a ƙara kujera ta bakwai, wai don a dace da Hausa Bakwai, mu kuma muna tsoron in aka buɗe wannan ƙofa Gobirawa da Katsinawa za su zo da nasu. Asabar mai zuwa bayan la'asar za mu buga zama na biyu, inda rijiya za ta jefa su kasuwar Kurmi a zamanin Muhammadu Rumfa. Wanda yake da kwafin littafin Baba, ko da hoto ne a waya, don Allah ya taimaka mana da shi, domin guda ɗayan da muke da shi shafukan tsakiya sun zube.