Daga Idumota zuwa Mile 12, neman abin wanke huhun Kawu

Idan ka daɗe ba ka shiga Idumota ba, to tana nan yadda ka bar ta. Da zarar motar danfo ta gangaro daga gadar Carter, sai hayaniya ta karɓe ka: 'yan dako da kwalaye a ka, kwandastoci na kiran Oshodi, hasumiyoyin Babban Masallacin Legas suna leƙowa ta saman benaye. Asabar ɗin da ta wuce na je can tare da kawuna. Mun hau jirgin ƙasa daga Agege zuwa Oyingbo, daga nan muka ƙarasa a mota.

Kawu tsohon direban tirela ne. Ya kusa shekara talatin yana shan taba sigari a hanyar Legas zuwa Arewa, ya daina shekara shida da suka wuce. Tun da aka binne wani abokin aikinsa da kansar huhu ta kashe, bai sake samun sukuni ba. Wani ya turo masa hoton wata kwalbar ƙwayoyi ta WhatsApp, wai tana wanke huhun wanda ya taɓa shan taba. Ya ce, "'Yar nan, ke kika karanci magani, ki raka ni kada a cuce ni."

Layin masu magani duniya ce guda. Shaguna ƙanana a jere, kwalaye har rufi, wasu an jibge su a waje rana na dukansu, alhali a jikin yawancinsu an rubuta a ajiye ƙasa da ma'aunin zafi 30. Wannan kaɗai ya isa ya ɗaga hankalin mai irin aikina. Ba mu sha wahala ba muka sami kwalbar, kyakkyawa, da hoton huhu fes a gabanta. Na juya bayanta, domin a nan gaskiyar kowace kwalba take. A sahun farko na sinadaran ga beta-karotin.

Na ja Kawu gefe, muka tsaya ƙarƙashin wata rumfa. Abin da na gaya masa, kai ma ka saurara idan akwai wanda ya taɓa shan taba a gidanka.

Beta-karotin shi ne abin da ke ba karas da manja launinsu, jiki kuma yana mayar da shi bitamin A. An daɗe da lura cewa masu yawan cin ganye da kayan marmari ba su cika kamuwa da kansar huhu kamar sauran mutane ba, sai masana suka yi zaton wannan sinadari ne sirrin. A ƙasar Finland, daga 1985 zuwa 1993, aka gwada shi a kan maza 29,133 masu shan taba. Waɗanda aka ba miligiram 20 a kullum, kansar huhu ta ƙaru a cikinsu da kashi 18 cikin 100. Bitamin E da aka gwada tare da shi bai hana ta ba. A Amurka aka yi wani gwajin da mutum fiye da 18,000, masu sha da waɗanda suka daina da waɗanda suka yi aiki cikin ƙurar asbestos, aka haɗa musu beta-karotin da bitamin A. Dole aka tsayar da shi a Janairun 1996 tun lokacinsa bai cika ba, saboda kansar huhu ta ƙaru da kashi 28, mutuwa kuma da kashi 17.

Kawu ya ce, "Ai ni na daina." Na ce, Kawu, akwai naku. A 2013 aka fitar da sakamakon wani bincike kan bitamin na ido da ake ba tsofaffi, aka ga kansar huhu ta fi fitowa a cikin masu shan nau'in da ke da beta-karotin, kuma yawancinsu mutanen da suka riga suka daina taba ne. Shi ya sa aka cire shi daga sabon haɗin. Idan likitan ido ya rubuta wa Baba irin wannan, a gaya masa tarihin tabar. A 2022 ma kwamitin da ke ba da shawarar rigakafi a Amurka ya ce kada a sha beta-karotin ko bitamin E don gudun kansa.

Mai shagon ya nuna mana lambar NAFDAC. Lambar tana da muhimmanci, kada ka sayi abin da ba shi da ita. Amma ba shaida ba ce cewa ƙwayar tana hana kansa. Ni dai ban ga laifin saurayin ba sosai, abin da ake nema yake sayarwa.

Muka fito hannu rabbana, Kawu ransa a ɓace. A cikin motar BRT na gaya masa abin da ya fi kwalbar: Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce bayan shekara 10 da dainawa, haɗarin kansar huhu yana sauka zuwa kusan rabin na mai sha. Saura shekara huɗu ya kai, in dai bai koma ba, bai kuma maye gurbinta da shisha ko zaman cikin hayaƙin abokai ba. Na kuma tambaye shi tarin da nake ji tun safe. Ya ce sati uku ke nan. Tarin da ya wuce sati biyu, ko jini a majina, ko rama ba dalili, ko dashewar murya, na asibiti ne. A ƙasarmu tarin fuka ake fara dubawa, kuma gwajinsa kyauta ne a asibitocin gwamnati.

Mun sauka a Mile 12 da la'asar. Nan Kawu ya sake, don ko'ina Hausa ake yi, tirelolin tumatir da albasa a jere, har ya gane wani tsohon yaron motarsa. Karas, alayyafo, gwanda, tattasai, ga su nan tuli. Beta-karotin da ke cikin abinci ba a same shi da illar da aka gani a ƙwayoyin ba, amma na faɗa masa ba na yi masa alkawarin karas zai goge shekara talatin na hayaƙi. Ya sayi na miyar sati, ya sa yaron ya kai mana bakin titi. Ranar Talata da safe zan kai shi a duba ƙirjin.